Kilo Sittin da Biyu na Malam Habu

Kowace shekara idan aka turo mana ku, ƴan koyon jinya masu zuwa sitaj, wato gwajin aiki a asibiti, a kan mashin idonku ke fara sauka. Ku tsaya kuna kallon allonsa, jini na zagayawa a cikin tiyo, mara lafiya na kishingiɗe yana latsa waya, sai ɗaya ta raɗa wa ƴar'uwarta wai ai nan ɗakin hutu ne: a soka allura biyu, a danna maɓalli, a zauna cikin sanyi awa huɗu. Ina jin ku sarai, kunnena bai tsufa ba. To ku matso ku ji daga bakin wadda ta yi furfura a ɗakin nan na wankin ƙoda, tun ranar da aka sauke mashinan farko a asibitinmu na Damagaram, har aka kai ga yaro da babba suna ce mini Manjo, wato shugabar masu jinyar sashen.

Da farko dai, ba ƙoda muke wankewa ba, jini muke wankewa. Ƙoda mai lafiya tana tace dattin da ke cikin jini, tana kuma fitar da ruwan da ya yi wa jiki yawa, duka su bi fitsari su tafi. Idan ta daina aiki sai dattin ya taru, mutum ya ƙi abinci, ya yi ta amai da ƙaiƙayi. Ruwan kuma ya rasa hanya, ya sauka ƙafa, ya hau fuska, daga ƙarshe ya cika huhu, mutum ya nutse yana zaune a kan tabarmarsa. Mashin ba ya warkar da ƙoda, aikinta kawai yake riƙe mata. Jini ya fito ta allura ɗaya, famfo ya tura shi cikin matata, wannan ƴar gorar da kuke gani rataye a gefe. A cikinta akwai dubban zaruruwa sirara kamar gashi, kowanne da rami a tsakiyarsa. Jini na bi ta cikin ramin, ruwan wanki da aka auna gishirinsa daidai yana bi ta bayan zaren, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, ba sa cuɗanya. Fatar zaren ce ke barin datti da ruwa su tsallaka, ta tare ƙwayoyin jini. Kamar tatar koko ne, sai dai mu a nan abin da ya rage a ƙyalle shi ne namu. Daga nan jinin ya koma jiki ta allura ta biyu. Wanda ke waje a lokaci guda bai wuce cikin moɗa ba, amma kafin awa huɗu ta cika jinin mutum kaf ya zagaya sau da yawa.

A Yamai na koyi aikin, a hannun wata tsohuwar ma'aikaciya da muke kira Tanti Mariyama, Allah ya jiƙanta, mace mai faɗa ta ƙin ƙarawa. Wata guda cur ba ta bar ni na taɓa allura ba. Aikina korar iska: in cika tiyo da serom, ruwan nan da ake ƙara wa mara lafiya, in yi ta buga matata da tafin hannu har kumfa na ƙarshe ya fita, domin iska in ta shiga jijiya ba a gyarawa. In na ce na gama, sai ta ɗaga tiyon ga haske, ta nuna mini kumfa kamar ƙwayar gero, ta ce in sake daga farko. Wata na biyu ta kai ni ɗakin ruwa, inda ruwan famfo ke bi ta yashi, ya bi ta gawayi, ya bi ta gishiri, ya bi ta wata matatar kafin ya isa mashin. Kowace safiya sai an gwada shi. Wanki ɗaya yana cin ruwa wajen jarka biyar, duk yana wucewa daf da jinin mutum, shi ya sa ruwan da za ku sha lafiya lau a gida yana iya yin kisa a ɗakin nan.

Sai a wata na uku ta ba ni hannun mutum, shi ma ta ce in rufe ido. Kun san likitocin fiɗa suna haɗa jijiya mai bugawa da mara bugawa a wajen wuyan hannu, a jira makonni jijiyar ta yi kauri yadda za ta ɗauki manyan alluranmu. In kun ɗora yatsu uku a kai za ku ji tana zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin gora. Ranar da kuka taɓa kuka ji shiru, kada ku soka komai, ku nemo likita da gudu. Wannan hannu ba a gwada tansiyo, wato awon hawan jini, a kansa, ba a ɗaura masa agogo ko kambu, ba a kwanciya a kansa. Na yi faɗa da dattawa masu gemu a kan kambu har na gaji, kuma ban taɓa jin kunyar yin faɗan ba.

Duk cikin kayan aikinmu kuwa, wanda kuka fi rainawa shi ne sikelin da ke bakin ƙofa. Kowane mara lafiya yana da nauyin da likita ya rubuta masa a kati, nauyinsa na gaskiya idan babu ruwan banza a jikinsa. Busasshen nauyi muke ce masa. Ya hau sikeli da zuwansa, abin da ya ƙaru a kan na kati shi ne ruwan da za mu gaya wa mashin ya janye. Kilo ɗaya, lita ɗaya. In kun janye fiye da kima tansiyo ya faɗi, ƙafa ta murɗe, mutum ya yi ta ihu. In kun janye ƙasa da kima ya koma gida da ruwa a ƙirji. Lissafin da ɗan aji uku zai yi ne, shi ya sa yake da haɗari. Ni ya taɓa rufe mini ido, har na kusa rasa mutum.

Malam Habu manomi ne daga garin Dogo, mai gero da gyaɗa, dattijo dogo mai ƙarancin magana. Litinin da Alhamis yake zuwa a motar safe, tare da matarsa Hajara, wadda ke zama a gindin itacen bedi tana jiransa. Katinsa na cewa kilo sittin da biyu. Tun farko na auna masa ƙaramin kofi, na gaya masa iyakar abin da zai sha a yini, na kuma gaya masa cewa kunu da fura da romo duk ruwa ne. Sau ɗaya na faɗa, ya riƙe. Bai taɓa zuwa mini da ƙarin da ya wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ga kuma wani Alhaji Sani, ɗan kasuwa na Zango, da ke kwanciya a gadon kusa da shi, wanda ke zuwa da ƙarin kilo huɗu yana rantsuwa da Allah ko leɓensa bai jiƙa ba, ga ƙamshin kilishi a jikin rigarsa. Sai na tsiri wata ɗabi'a: duk wanda ya zo a kumbure, in ɗaga murya a tsakiyar ɗaki in ce ya dubi Malam Habu, mutumin ƙauye mai noma cikin rana, bai taɓa ba ni kunya a sikeli ba. Ɗaki ya ɗauka, har ana ce masa ɗan gidan Manjo. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. A ganina koyarwa nake yi.

Sai shekarar wahala ta zo. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke fidda kai, abin da ya tsira tsutsa ta bi zangarniya ta cinye. Mutanen karkara suka shiga rani da rumbu rabi, kafin bazara ta ƙare da yawa sun share ƙasan rumbun. Mu ma a birni namu ya ishe mu. Famfo ya yi ta ɗaukewa kwana da kwanaki, sai motar tanki ke kawo mana ruwa, ita ma ran da ta ga dama. Nakan iso da sassafe in wuce kai tsaye in leƙa tanki, in ƙirga mutum nawa zai wanke, in yanke wa wasu rabin awa. Hankalina gaba ɗaya ya koma ɗakin ruwa. Wanda sikeli ya ce lafiyarsa ƙalau, ba na tsayawa dubansa sau biyu, kuma sikeli kullum cewa yake Malam Habu ƙalau yake: ya zo a sittin da uku da rabi, ya tafi a sittin da biyu.

Alamu sun yi ta zuwa, ni ce ban karanta ba. Tansiyonsa ya fara hawa, likita ya ƙara masa magani. Ya fara wani ɗan tari busasshe. Na tsare shi na ce ko ya koma cin gishiri ne, ko Hajara tana zuba masa kanwa a miya. Ya ce a'a. Na ce to tansiyo dai ba ya ƙarya, na yi masa faɗa a gaban mutane. Wata Alhamis da aka fara shuka, na fito na tarar da shi a baranda yana sallar azahar a zaune, ya jingina da bango, yana ɗan sunkuyar da kai a maimakon sujada. Da ya sallame na tambaye shi, ya ce gwiwa ce. Na ba shi maganin shafawa, na wuce wajen tanki. Har yau in na tuna maganin shafawar nan sai kunya ta kama ni.

Ranar Litinin da ta biyo, mutum biyu ne suka shigo da shi a riƙe. Numfashi yake da kafaɗu, leɓensa ya yi toka-toka, ko amsa gaisuwa ba ya iya yi sai a gutsure. Aka ɗora shi a sikeli: sittin da uku. Abokiyar aikina ta dubi kati ta saita mashin a lita ɗaya, kuma bisa lissafi ba ta yi kuskure ba. Muka ce ya kwanta, ya ƙi, ya dafe gado da hannu biyu yana girgiza kai. Na ɗauko abin gwajin tansiyo, na tura hannun babbar rigarsa sama a hannun da ba ma sokawa, na naɗa. Sai na ga maɗaurin ya zagaye damtsen ya wuce inda ya saba tsayawa da nisa. Damtsen manomin da na sani ya zama kamar kara. Wata nawa muna auna mutumin nan cikin babbar riga da wando har idon sawu, hannun allura kawai muke gani, domin wa zai ce wa dattijo ya yaye wandonsa a gaban mata? Ran nan ban nemi izini ba. Na durƙusa na ɗage wandon, na danna ƙaurinsa da babban yatsa. Yatsan ya nutse kamar a cikin ƙullu, da na ɗaga ramin ya tsaya bai cike ba.

Nan take na gane. Nama ya zube, ruwa ya maye gurbinsa, kilo bayan kilo, sikeli kuwa bai san bambancin nama da ruwa ba. Mutumin ya daɗe da barin sittin da biyu, mu ne muke mayar da shi gida da ruwa a ƙirji sau biyu a mako, muna yabonsa.

Na aika a kira likita, na sa aka tada kan gadon ya zauna sosai, aka sa masa iskar numfashi. Likita ya ɗora abin saurare a bayansa, ya dube ni, ya ce lita uku yau, a hankali, kada in matsa daga wurin. Na soka alluran da kaina. Na buɗe famfo kaɗan-kaɗan, na sa maganin hana jini daskarewa, ina kallon ja yana cika matata daga ƙasa zuwa sama. Duk minti goma sha biyar ina gwada tansiyo. Awa ta farko babu wani canji, har Alhaji Sani mai surutu ya koma jan carbi. Cikin awa ta biyu kafaɗun suka fara sauka. A ta uku tansiyo ya yi ƙasa, ƙafarsa ta murɗe, na rage janyewar, na riƙe tafin ƙafar ina tanƙwasawa har ta saki. Ba a kwashe ruwan wata uku a yini ɗaya, jijiya ba ta ɗauka. Kafin mu cire allura barci ya ɗauke shi a jingine, baki buɗe.

Sai na fita wajen Hajara a gindin bedi. Na zauna a tabarmarta na tambaye ta me Malam ke ci a gida. Ta ce abin da Allah ya hore. Na ga wata gora a gefenta, na ɗauka na girgiza, na buɗe. Farau-farau ne, ruwa da ɗan garin gero da ko launi bai gama canza masa ba.

Na ce, "Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Yaushe rabonsa da tuwo?"

Ta ce, "Manjo, tun kafin ruwan fari. Mu goma sha ɗaya ne, tiya ɗaya ta gero muke ja kwana biyu. In aka dama, Malam cewa yake a tsame kaurin a ba yara, shi ya sha na sama. Da shi yake shiga gona."

Na ce ai ya san ruwa ne, ni da bakina na gaya masa. Ta ce ya sani sarai. Ta ce ya fi wata yana kwana a zaune jingine da bango, ta yi ta roƙonsa ya faɗa mini ya ƙi.

"Cewa ya yi, kin ɗaga shi a gaban mutane, da wane baki zai ce miki gidansa ba abinci? Kuma tunda sikeli bai tona shi ba, shi ma ba zai tona kansa ba."

Na ji haushin kaina ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Da na bar shi kamar kowa, mai laifi yau mai gaskiya gobe, da tuni ya buɗe baki. Amma a aikin nan ba a zama ana cizon yatsa alhali mutum na kan gado. Na koma na sami likita, muka tsara: a dawo da shi washegari bayan la'asar a ƙara janyewa, sannan kowane wanki a riƙa sauke nauyin kati da rabin kilo har ƙafa ta saɓe, ƙirji ya washe. Hajara ta sauka da shi wurin wani ɗan'uwansu a unguwar Garin Malam, nan cikin birni. Ranar da ruwa ya yi ƙaranci na yanke wa kowa minti goma na tara masa, ban kuma nemi afuwar kowa ba. Cikin mako uku muka tsaya a hamsin da shida. Kilo shida na ruwa dattijon nan yake ɗauke da shi yana kaftar gona.

Saura abinci, kuma na san in na miƙa masa ƙwarya shi kaɗai, gara ya mutu da ya karɓa. Sai na kafa doka, ina ɗaure fuska kamar daga sama ta zo: daga yau duk wanda aka cire wa allura ba ya fita sai ya ci shinkafa da dafaffen ƙwai a gabana, attajiri da talaka, wai don kada jiri ya kada mutum a hanya. Mu ma'aikata muka riƙa dafowa daga gida bi da bi. Alhaji Sani, wanda ba wawa ba ne, ya dube ni ya dubi gadon kusa da shi. Bayan kwana biyu Hajara ta ce mini wani direba ya sauke musu buhun hatsi a ƙofar gida a Dogo, ya ce shi ma bai san mai aiken ba. Ban tambaya ba, kuma tun daga ranar ban sake kiran sunan wani a tsakiyar ɗaki ba, da yabo ko da faɗa. Magana ta koma bakin gado, murya ƙasa-ƙasa.

Abin da na ƙara a tsarin aiki shi ne wanda kuke gani yanzu kuna ƙorafi wai ɓata lokaci ne. Kowane mara lafiya, bayan sikeli, sai an danna ƙafarsa, an dubi jijiyar wuyansa, an tambaye shi filo nawa yake kwana a kai. Farkon kowane wata a auna damtse da tef. Sannan ku riƙa sanin lokacin da ake ciki a karkara: mutanen Dogo da Tirmini nauyinsu na tsakiyar damina daban, na bayan kaka daban, kati kuwa ba ya canza kansa sai an canza shi.

Daminar ta yi kyau a shekarar, aka yi girbi. Wajen wata biyu bayan sabon gero ya shiga gida, wata Litinin Malam Habu ya hau sikeli ya nuna hamsin da tara da rabi. Kati na cewa hamsin da shida. Ƙarin uku da rabi ke nan, abin da bai taɓa yi ba. Na haɗe rai, na matso bakin gadonsa zan fara magana ƙasa-ƙasa, hannuna ɗaya a kan maɓallin mashin. Sai ya ɗaga mini hannu. Dattijon nan mai kunya ya ɗora ƙafarsa a kan gado, ya naɗe wandonsa har gwiwa da kansa, ɗaki cike da mutane maza da mata.

Ya ce, "Manjo, kafin ki janye, danna tukuna."

Na danna. Ƙauri tauri, ko alamar rami babu. Na naɗa tef a damtsensa, ya ƙaru. Na saurari ƙirjinsa, fes.

Ya ce, "Kilo ɗaya da rabi naki ne, ki kwashe abinki. Biyun nan gero ne. A gonata na noma su, ki bar mini."

Na kai wa likita katin, ya soke hamsin da shida ya rubuta hamsin da takwas. Na dawo na saita mashin a lita ɗaya da rabi.